Cocin gungume na Petäjävesi: me ya sa ginin manoman ƙauye ya shiga gadon duniya, kuma wa ke ɗaukar nauyinsa?

Ranar Kirsimeti ta 2022, ana tsakiyar ibada, wuta ta tashi a cocin katako na garin Rautjärvi da ke gabashin ƙasar Finlan. Masu ibada sun tsira da rayukansu, amma ginin ya ƙone ƙurmus. Kafin nan, cocin Ylivieska ya ƙone a 2016, na Kiihtelysvaara kuma a 2018, dukansu biyu gine-ginen ƙarni na 18 ne. Duk lokacin da irin wannan ta faru, tambayoyi iri ɗaya kan taso: me ke cikin waɗannan gine-gine da har ake ɗaukar ƙonewarsu a matsayin asarar ƙasa baki ɗaya? Wa ke da alhakin kare su? In sun ƙone, a maimaita su yadda suke ko a gina sabo?

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar batun ita ce a ɗauki gini guda a duba shi da kyau. Wanda ya fi dacewa shi ne tsohon cocin Petäjävesi, wani ƙaramin gari mai mutane ƙasa da 4,000, kimanin kilomita 30 yamma da birnin Jyväskylä a tsakiyar Finlan. An gina shi tsakanin 1763 da 1765, kuma a 1994 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya, jerin da Sukur ta jihar Adamawa da tsohon garin Agadez suke ciki.

Ma'anar wasu kalmomi

Ɗarikar Lutheran reshe ne na Kiristanci da ya samo asali daga koyarwar Martin Luther, malamin addini Bajamushe wanda ya fara ƙalubalantar fadar Paparoma a 1517. Mutanen Numan da kewaye sun san ɗarikar, domin masu mishan daga ƙasar Denmak sun kawo ta can a 1913. Abin da ya shafi gini a koyarwarta shi ne fifita wa'azi da harshen da jama'a ke ji, da kuma waƙar da kowa ke sa baki. Saboda haka cocin Lutheran yana buƙatar mumbari da kowa zai hanga, da kujerun da za a daɗe a zaune a kansu, da fili da murya za ta karaɗe.

Gundumar coci kuwa, a Finlan ta wancan zamani, ta wuce taron masu ibada kawai. Ita ce ƙaramar hukuma. Fasto ne ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, daga kan mumbari ake karanta sanarwar sarki, kuma taron gunduma ne ke yanke shawara kan kula da matalauta. Sai a 1865 aka raba aikin hukumar karkara da na coci. Babbar gunduma takan kasance da ƙananan rassa a ƙauyuka masu nisa, kuma Petäjävesi reshe ne na gundumar Jämsä a lokacin da aka yi ginin.

Abu na uku shi ne irin ginin kansa. Ba katakon da aka yanka falle-falle aka buga da ƙusa ba ne. Gungumen itace ne ake kwantarwa ɗaya bisa ɗaya har su zama bango. Wannan ya bambanta shi da tsoffin cocin katako na ƙasar Norwe, waɗanda ke tsaye a kan ginshiƙai da alluna a tsaye.

Dalilin da ya sa ƙauye ya nemi cocinsa

Har zuwa 1809 Finlan yanki ce ta masarautar Suwidin. Sarki Gustav Vasa ne ya fara janye masarautar daga ƙarƙashin Paparoma a taron Västerås na 1527, kuma a 1593 aka tabbatar da Lutheran a matsayin addinin ƙasa. A tsakanin nan Mikael Agricola ya fitar da Sabon Alkawari cikin harshen Finlan a 1548. Dokar coci ta 1686 ta ƙara ɗaure al'amarin: zuwa coci ya zama wajibi, kuma wanda bai san tushen koyarwar addini ba ba a ba shi jibin Ubangiji, ba a kuma ɗaura masa aure.

A birni wannan ba matsala ba ce. A tsakiyar Finlan kuwa, inda daji da tafkuna suka mamaye ƙasa, gidaje a warwatse, hanyoyi kuma babu, wajibcin ya zama nauyi. Mutanen Petäjävesi sai sun bi ruwa su gangara kudu zuwa Jämsä. Da rani sukan tuƙa dogayen kwale-kwale da ƙauye ke haɗuwa ya sassaƙa musamman don zuwa coci. Da hunturu, in tafki ya daskare, su bi ta kan ƙanƙara. Wahalar tana tsakanin lokutan biyu, sa'ad da ƙanƙarar ba ta yi ƙwarin ɗaukar mutum ba, ruwan kuma bai buɗe wa jirgi ba. A irin waɗannan makonni, kai jariri baftisma ko kai gawa maƙabarta yakan gagara.

A 1728 fadar sarki ta ba su izinin yin maƙabarta da ƙaramin coci, da sharaɗin su biya da kansu. Shekara 35 ta wuce kafin a fara ginin da ke tsaye yau. Wurin da suka zaɓa ma ya nuna abin da ke ransu: wani tsibiri-tsibirin ƙasa a bakin ruwa inda tafkunan yankin suka haɗu, yadda mai zuwa ta jirgi zai sauka kusa da ƙofa.

Yadda aka gina shi

Wanda ya jagoranci aikin shi ne Jaakko Klemetinpoika Leppänen, kafinta ɗan yankin wanda bai yi karatun zanen gini a makaranta ba. Manoma ne suka kawo itace, suka kuma ba da ƙarfinsu. Itacen da aka yi amfani da shi fain ne, dogon itace miƙaƙƙe mai ƙaro wanda ya cika dazuzzukan arewacin Turai.

Aikin na gatari ne. Ana sassaƙe gefe biyu na gungume su yi sumul, a fafe cikinsa ta ƙasa a tsawonsa yadda zai zauna daram a kan na ƙarƙashinsa, a cusa gansakuka a tsakani don toshe iska. A kusurwa kuma ana yi wa kowane gungume tsaga yadda zai sarƙe da wanda ya gitta shi. Nauyin itacen da wannan sarƙewa su ke riƙe da bango. Kafinta ya san cewa sabon bango zai yi ta sauka ƙasa shekara da shekaru yayin da itacen ke bushewa, don haka yakan bar sarari a saman ƙofa da taga, in ba haka ba bangon ya danne su ya tsaga.

A nan ne babbar matsalar wannan irin gini take. Tsawon bango ba ya wuce tsawon itace, sai dai a yi haɗi, kuma dogon bangon gungume yakan kumbura waje idan rufi mai nauyi ya danne shi. Maginan gabar yammacin Finlan sun warware wannan ta hanyar kafa wasu ginshiƙai masu rami a ciki, su ma na gungume, a tsakiyar bango, inda ƙarshen itatuwa ke shiga su haɗu. Cocin Vöyri na 1626 da na Tornio na 1686 misalai ne. Leppänen ya bi wata hanyar. Ya shimfiɗa ginin a siffar gicciye mai hannuwa huɗu kusan daidai da juna. Da wannan siffa babu bango mai tsawo ko ɗaya, kuma kusurwoyi sun zama goma sha biyu maimakon huɗu, kowace kusurwa tana ƙara wa ginin ƙarfi. Ga kuma wata riba: duk hannun da mutum ya zauna, yana kusa da tsakiya, yana jin mai wa'azi.

Siffar ba ƙirƙirar ƙauye ba ce. Masanan gini na Italiya ne suka farfaɗo da ita a zamanin da ake kira Renesans, ta iso Stockholm, babban birnin Suwidin, inda aka fara gina cocin Katarina da dutse a 1656, daga nan ta bazu cikin masarauta. Abin da kafintocin Finlan suka yi shi ne ɗauko tsarin da aka ƙirƙira don dutse su mayar da shi itace, da idonsu da ma'aunin hannunsu.

Idan mutum ya shiga ya ɗaga kai, zai ga rufin kowane hannu ya lanƙwasa kamar baka, a tsakiya kuma ƙubba mai kusurwa takwas ta tashi. Duka da alluna aka yi su. A cocin dutse na tsakiyar zamanin Turai, irin waɗannan bakuna su ke ɗauke da nauyin rufi. A Petäjävesi ba sa ɗaukar komai. Manyan azara da ke ɗaure bango da bango su ke wannan aiki. An yi bakunan ne don a ido ginin ya yi kama da abin da mutane suka sani a matsayin coci. Daga waje kuwa rufin tsaye yake ƙyam, irin na tsoffin cocin Gotik, wato salon ginin tsakiyar zamanin Turai, wanda kuma ya dace da ƙasar da dusar ƙanƙara ke zuba watanni. Wannan haɗuwar salo biyu na Turai a hannun masassaƙin daji ita ce hujjar da UNESCO ta kafa.

Bangon ciki ba fenti, itacen ya yi furfura da tsufa, sawun gatari na nan a jikinsa. Mumbarin kuwa cike yake da sassaƙen mala'iku da manzanni masu faffaɗan fuska, kuma yana zaune ne a kan mutum-mutumin Waliyyi Kiristofa, wanda al'adar Katolika ke ɗauka majiɓincin matafiya saboda labarin cewa yana ƙetarar da mutane kogi. Fiye da shekara 200 bayan masarautar ta rabu da Paparoma, ga waliyyin Katolika a ƙarƙashin mumbarin Lutheran. A ƙasashen arewacin Turai sauyin addini bai zo da share hotuna kwata-kwata ba kamar yadda ya faru a wasu sassan nahiyar, kuma ba abin mamaki ba ne mutanen da ke ƙetare ruwa kafin su yi ibada su riƙe wannan waliyyi.

A 1821 jikan maginin, Erkki Leppänen, ya ƙara hasumiyar ƙararrawa ta yamma, aka haɗa ta da cocin ta wani ɗan lungu. A lokacin ne aka faɗaɗa tagogi, aka kuma mayar da ɗakin kayan ibada gabas.

Yadda hukuma ta karɓe aikin daga hannun kafintoci

Ginin ya zo ne gab da rufewar wani zamani. A 1776 Sarki Gustav na Uku ya ba da umarnin cewa gine-ginen jama'a, har da coci, a yi su da dutse, kuma a aika zanensu Stockholm a amince kafin a fara. Talakawan gundumomi sun ci gaba da neman sassauci suna gini da itace, amma zanen ya koma hannun ƙwararrun ofis. Bayan Finlan ta koma ƙarƙashin Rasha a 1809 aka buɗe irin wannan ofis a cikin ƙasar, kuma Carl Ludvig Engel, Bajamushen da ya zana tsakiyar Helsinki, ya shugabance shi daga 1824. Cocin ƙauye suka fara kama da juna: an lulluɓe gungumen da alluna, an shafa fenti mai haske, an kwaikwayi fuskar ginin dutse.

Wannan ke amsa tambayar da baƙi kan yi: me ya sa aka zaɓi wannan coci, ba wanda ya fi shi girma ba? A garin Kerimäki akwai cocin katako da aka kammala a 1847 mai ɗaukar mutum sama da 3,000 a zaune, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, amma ba ya cikin jerin UNESCO. Jerin ba gasar girma ba ne. Abin da aka nema a Petäjävesi shi ne shaidar fasahar maginin ƙauye kafin ofis ya shiga tsakani, a ginin da ba a canja masa kama ba.

Watsin da ya cece shi

Jama'a sun ƙaru, cocin ya yi musu kaɗan. A 1879 aka gina sabo a ɗaya gefen mashigin ruwan, aka bar tsohon. Ba a rushe shi ba, domin an ci gaba da kaɗa ƙararrawarsa ana kuma binne mutane a maƙabartar da ke kewaye da shi. Shekaru da dama ya zauna babu mai gyara.

A waɗannan shekaru ne sauran cocin ƙasar suka samu abubuwan zamani: murhun ɗumama ɗaki, sabon fenti, sabon daɓe, daga baya wutar lantarki. Kowane ɗaya ya sauƙaƙa wa masu ibada, kowane ɗaya kuma ya ci wani abu daga asalin ginin. Petäjävesi bai samu ko ɗaya ba a lokacin, tunda babu wanda ke ibada a ciki. A shekarun 1920 masanin tarihin fasaha Josef Strzygowski na jami'ar Biyana ya ja hankalin masana zuwa gare shi, kuma daga 1929 aka fara gyara. Har yau ba a ɗumama shi, abin da ya sa da rani kaɗai ake ibada da ɗaurin aure a ciki. Rashin ɗumin ma alheri ne ga itacen, domin zafin murhu yana busar da katako ya tsattsage.

Abin da kula da shi ke ci

Rufin shi ne rayuwar ginin. An lulluɓe shi da ƙananan fallayen itace masu kauri da ake sassaƙa da hannu, kowane yana hawa kan na ƙasa da shi yadda ruwa zai gangara. Abin da ke kare su shi ne kwaltar itace. Samunta aiki ne mai tsawo: ana ɓare bawon itacen fain tun yana tsaye a bar shi shekaru ya tara ƙaro, a sare, a faskara, a jera a wani rami mai siffar mazurari, a rufe da gansakuka da ƙasa, a kunna wuta ta ci a hankali kwana da kwanaki ba tare da iska ta shiga sosai ba. Baƙin ruwa mai kauri ya riƙa tsiyaya ta bututun itace zuwa ganga. Wannan kwalta ce babbar hajar da Finlan ke fitarwa a ƙarni na 17 da na 18, don shafe jiragen ruwan Turai. Yau masu dafa ta ta tsohuwar hanya kaɗan ne.

Shafa ta ba aikin sau ɗaya ba ne. Kamar yaɓen ginin ƙasa ne kafin damina: in an tsallake, ruwa ya samu hanya. Gefen rufin da ke fuskantar kudu, inda rana ta fi bugu, ya fi saurin cinye kwaltarsa. Ga kuma sauyin yanayi, wanda ke kawo kaka da hunturu masu ɗumi da laima, yanayin da ruɓa ke so. A da sanyi mai tsanani kan tsayar da ita watanni. Don wuta an sa na'urorin gargaɗi da na kashe gobara. Don tafin ƙafar baƙi kuwa, akan ba masu ziyara silifa su sa kafin su taka tsohon daɓen katakon.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Saɓani na farko kan asali ne. Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda ta daɗe tana jagorantar masu adana gine-gine, ta ba da ƙarfi ga kiyaye ainihin kayan da aka yi gini da su. Hakan ya dace da dutse. Itace kuwa yana ruɓewa, rufin fallaye dole a sauya shi lokaci bayan lokaci. Masu ra'ayi na farko suna cewa duk gungumen da aka cire, wata shaida ce ta tafi, don haka a yi faci gwargwadon iko. Na biyu suna cewa gini irin wannan yana rayuwa ne ta hanyar sauya abin da ya mutu, muddin an yi da irin itacen, irin kayan aikin da irin dabarar. Takardar Nara, da aka amince da ita a Japan a 1994, shekarar da Petäjävesi ya shiga jerin, ta faɗaɗa ma'anar asali ta haɗa da fasaha da al'ada da amfani. A aikace masu gyara a Finlan suna tafiya ne tsakanin biyun. Sakamakon dai ɗaya ne: in babu mai iya riƙe gatari ta tsohuwar hanya, duka ra'ayoyin ba su da mai aiwatar da su.

Na biyu kan abin da za a yi bayan gobara. Tsohon cocin Tyrvää, mai bangon dutse da ciki na katako, an cinna masa wuta a 1997 jim kaɗan bayan 'yan sa-kai sun gama sabunta rufinsa. Mutanen yankin suka sake taruwa, suka maimaita rufi da kujeru da hannu cikin aikin gayya na shekaru. Ylivieska ta zaɓi akasin haka: ta gina coci na zamani da aka buɗe a 2021. Masu goyon bayan maimaitawa suna cewa aikin kansa yana raya sana'a yana kuma warkar da al'umma. Masu adawa suna cewa kwafi ba ya mayar da abin da ya ƙone, kuma gundumar yau tana buƙatar ɗakin da za ta yi amfani da shi hunturu da rani.

Na uku, wanda ya fi taɓa aljihu, kan kuɗi ne. Dokar coci ta Finlan ta ba duk cocin da aka gina kafin 1917 kariya kai tsaye, kuma babban gyara sai an nemi ra'ayin hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa. Amma mallakar ginin tana hannun gunduma, wadda ke rayuwa da harajin coci da mabiya kaɗai ke biya, kusan kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu. A shekarun 1970 sama da kashi 90 cikin ɗari na 'yan ƙasa mabiya ne. Yanzu ba su kai kashi biyu cikin uku ba. Tun 2016 gwamnati na ba cocin kaso daga kasafinta don ayyukan da ke amfanar kowa, wato maƙabartu, rajistar jama'a da tsoffin gine-gine. Ɓangaren coci na cewa kason bai kai abin da ake kashewa ba, kuma gadon ƙasa bai kamata ya rataya a wuyan mabiya kaɗai ba. Masu son raba addini da gwamnati kuwa suna cewa mai gini shi ke da nauyin gininsa, ga shi ma an ba shi damar karɓar haraji. Shiga jerin UNESCO ba ya warware wannan, domin jerin yana ɗora wa ƙasa alhakin kariya ne, ba ya zuwa da kuɗin gyara na kullum ga ƙasa mai arziki irin Finlan.

Abin da hakan ke nufi ga mutanen gari

Ga mazaunin Petäjävesi da ke biyan harajin coci, lissafin a fili yake: gundumarsa ƙarama ce, coci biyu take riƙe da su, ɗaya na ibadar kullum, ɗaya na watannin rani. Kuɗin da ya tafi kwalta da gyaran rufi, bai tafi aikin matasa ko ziyartar tsofaffi ba. A ƙauyukan da matasa ke barin su zuwa birni, wannan matsi ne ke tura ƙananan gundumomi haɗewa da manya, kuma idan an haɗe, shawarar wane gini za a fara gyarawa takan koma hannun mutanen da ba su tashi a gindinsa ba.

A ɗaya gefen, sunan UNESCO yana kawo baƙi da rani, su tsaya a garin da in ba don cocin ba da wucewa za su yi a kan babbar hanya. Masu masauki da masu abinci da matasan da ke yi wa baƙi jagora suna samu, ko da yake kakar gajera ce. Ma'aurata daga wasu garuruwa suna neman a ɗaura musu aure a ciki. Mai fili kusa da cocin kuwa ba shi da 'yancin gina duk abin da ya ga dama, domin kariyar ta haɗa da gonaki da bakin tafkin da ke kewaye.

Sai kafintoci da masu dafa kwalta. Petäjävesi ɗaya ne daga cikin cocin katako masu yawa da doka ta kare a ƙasar, irin su tsohon cocin Keuruu da ke maƙwabtaka, na shekarun 1750, da na Sodankylä a can arewa, na 1689. Muddin ana ba da kwangilar gyara su ta tsohuwar hanya, matashi zai ga dalilin koyon sassaƙa fallen rufi. Idan gundumomi suka fara jinkirta gyara saboda ƙarancin kuɗi, masu sana'ar za su ragu, aikinsu ya ƙara tsada, gyaran da aka jinkirta kuma ya koma babban aiki da ƙaramar gunduma ba za ta iya biya ita kaɗai ba.